Maɗori Ya Leƙa Baki

Shekara talatin da ɗoriya ina ɗori a Gummi,
a zauren da ubana ya bar mini, da karare da tsumma.
An kawo mini ƙafar ɗan acaɓa,
an kawo kafaɗar ɗan dambe,
an kawo yaron da reshen kanya ya yaudara.
Waɗannan na san labarin karayarsu:
ƙarfi ya gamu da ƙarfi, ɗaya ya ba da kai.

Amma Tumba mai daddawa ba ta faɗo daga ko'ina ba.
Salla ta idar, ta dafa ƙasa za ta miƙe,
wuyan hannu ya ce ƙas
kamar karan rama da ya shekara a rana.
Da na ja, ta yi ƙara,
baki ya buɗe, na ga kufai:
fiƙa ɗaya tsaye, turken da aka sayar da akuyarsa,
dasashi ya lotsa, muƙamuƙi ya sirance,
haɓa na neman gaisawa da hanci.

Na ce, Tumba, ina sauran?
Ta ce, "Guda ya tafi ina goyon Sahabi,
biyu sun bi tagwaye,
na baya ban riƙe lissafi ba.
Rabona da tsoka tun layyar da aka yi ruwa.
Koko da safe, koko da dare,
shi ne bai tambayar haƙori."

Tun ranar na sake duba.
Kafin in taɓa hannun tsohuwa
sai in ja ta da wasa har ta dara,
in saci kallo.
Gara ba ta sallama.
In ka ga azarar bakin ƙofa tana zubar da gari,
je ka ƙwanƙwasa ta ƙurya.

Ɗiyata Hakama, mai farin kaya a asibiti,
ta same ni ina fere karare.
Ta ce, "Baba, haƙori shuka ne, ƙashi ne gonarsa.
In gona ta zaizaye, shuka ta yi girgiɗi;
in an tuge shuka, gona ta bi ruwa.
Wanda bai tauna ba, rabin ci ya yi,
kuma bashin da baki ya ci
ƙugu da gadon baya ke biya."
Ta ce jinin da ke bin asuwaki
wani lokaci ɗan aiken ciwon suga ne.
Na ce to, likita,
na ci gaba da fira ta.

Jiya bayan la'asar
ina shan rake a gindin darbejiya,
sai na ji tsakuwa a cikin zaƙi.
Na tofa a tafi.
Turmina na hagu ne, da saiwarsa duka,
bai kai nauyin ƙwayar gujiya ba.
Ko zafi babu.
Rashin zafin ne ya hana ni barci.

Muna yara mukan dafe giɓi da hannu
kada ƙadangare ya gani, sabo ya ƙi fitowa.
Ga shi can kan katanga yana gyaɗa kai.
Kalla, malam, kalla da kyau,
wannan karon ba abin da za ka hana.

Na haɗa ƙasusuwan da ban san adadinsu ba,
wannan ƙanƙanen ba ya ɗoruwa.
Na ƙulle shi a bakin tsumma,
na taɓa guiwata, na taɓa ƙuguna,
ina tambayarsu a hankali
kamar mai bin sawun ɓarawo a gidansa.

Gobe zan bi Hakama a ɗebi jinina.
Alhamis Tumba za ta zo kwance ɗori;
na sa a ajiye mata nono ƙwarya guda
da kifin gulbi, a dafa shi lugub.
Na ce a ƙara yawan romon,
mu biyu ne.