Ƙullin Baba Nomau

Kafin igiya, in ji Baba, sai ka gai da icce.
Dafa shi, girgiza shi
kamar mai tada ɗan'uwa sahur.
In ya amsa maka da rawa,
gara ta riga ka shiga cikinsa.
Wuce shi, ko inuwarsa ta fi ta kowa sanyi.
Kirya ake nema, ko tsohuwar aduwa
da ta yi damina goma ƙafarta cikin ƙasa.

Ni ɗiya ce, amma "ka" yake ce mini
duk ranar da zance ya hau kan doki.

A Kolloma ya koya mini, bayan rumbu.
Ba a ɗaure doki da linzami,
ƙarfe ne a baki, in ya fizga, harshe zai biya.
Da ragama ake yi.
Tsawo daga hammata zuwa kan yatsa:
ka ƙara, ya sa ƙafa ya harɗe,
ka rage, ya ɗauka an kama shi ne.
Ɗaga ƙullin daidai kafaɗarsa.
Zagaya dirka, naɗe igiya kunnen zomo,
tura kunne cikin kunne,
bar wutsiya tana lilo
inda hannu zai same ta ko cikin duhu.

Kada yatsa ya shiga kunnen nan.
Wannan bai taɓa faɗa da baki ba,
hannun dama kawai yake ɗagawa:
huɗu, da gurbin na biyar.
Wata goɗiya ta karɓe shi a kasuwar Badagishiri
tun ba a haife ni ba,
har yau ba ta maido ba.

Yau Lahadi, mun shigo Tawa da hantsi,
shi bisa Hurde, ni ƙasa riƙe da ragama,
tarinsa na ƙidaya mana tafiya.
Ƙofar gidan likita akwai shingen waya.
Na dafa dirka ta fari, ta yi mini rawa.
Ta biyu kusa da gudro take.
Mai gadi na dariya:
ƙarfe ne fa, yarinya, gara ba ta cin ƙarfe.
Na ce tsatsa ma gara ce.
Ta huɗu ce ta tsaya mini.

Ban gama zaunar da Baba kan benci ba
wani kamyon albasa ya saki ƙara.
Hurde ya zabura, ya ja da baya,
farin idonsa duk waje,
waya na kuka, masu kabu-kabu na watsewa.
Ban san sa'ad da na kai ba.
Wutsiyar na nan inda na bar ta.
Ja ɗaya.
Igiya ta zo hannuna kamar ba a taɓa ƙulla ta ba.
Na zagaya da shi sau uku, ina kiran sunansa,
har numfashinsa ya sauko,
na mai da shi, na zuba masa harawa.

Baba bai ce komai ba.

Ciki, wata ma'aikaciya, Rakiya aka kira ta,
ta naɗe masa hannun riga tana neman jijiya.
Ta zagaya damtsen da roba,
ta tura kunne ƙarƙashi, ta bar wutsiya.
Jini ya hau kwalba.
Ta kama wutsiyar, ja ɗaya.

Baba ya dubi robar, ya dube ta,
tari ya tare shi, ya jira ya wuce.
Ɗiyata, ya ce,
a gidanku wa ke da doki?