Kakana Ba Ya Ƙetare Gulbi

Kakana Neino ba ya ƙetare Gulbi.
Ko da rani, yashi ya bushe
har jakai na birgima a tsakiyarsa,
sai ya tsaya a gaɓa ya ce mu je mu dawo,
shi ya gama lissafinsa da ruwa.

Mun ɗauka tsoron iskoki ne,
sai daren da muke ɓarar gujiya a Bagalam
ya jera kwasfa talatin da biyu bisa tabarma,
layi huɗu, kowace da tazararta.
Ya ce, ku matso, ga ayarin da na bi
shekarar da Nasara suka faɗa wa juna,
ayarin da ba raƙumi, ba zango, ba inuwa.

Haraji ya kore shi, ya bi buhu har Kano,
buhu ya hau jirgin ƙasa, shi ma ya hau.
A Ikko aka latsa damtsensa, aka miƙa masa shebur,
aka sauke shi can ƙasan jirgi, bakin wuta,
yana ɗura wa tukunya gawayi.
Bisa kansa gujiya ce maƙil,
wataƙila har da ta gonar babansa a Tibiri,
za ta ƙasar da ake yunwa.

Da dare, in ji shi, ko taba ba a kunnawa.
Kura ma tana kuka kafin ta iso,
ɗan fashi yana barin sawu,
wannan kuwa jirgi ne mai tafiyar kada,
yana ƙarƙashinka kana cin tuwonka,
ya leƙo da ido ɗaya a kan sanda,
ya zaɓi nasa, ya koma ba sallama, ba tambayar kowa.

Sai ya sa yatsa ya ɗalle kwasfar gefe.
Wannan manja ta ɗauko.
Ya ɗalle wata. Wannan katako.
Ya daɗe yana duban ta uku.
Mantau na ciki, ɗan Tasawa,
mai dariya da wushirya, mai bi na sule uku.
Na ji ƙarar a tafin ƙafata kafin kunnena,
na hau sama, na tarar teku ya zama kasko,
mai na ci bisa ruwa, dare ya yi ja,
kawuna baƙaƙe kamar ƙwarya na yawo,
cikin harsuna bakwai ana kiran uwa.

Nan muryarsa ta sauka.
A hanyar Jibiya, in jakin wani ya durƙusa
duk ayari ke sauke kaya.
Can doka ita ce kada a tsaya,
wanda ya tsaya shi ne na gaba.
Aka ce in koma in ƙara wuta.
Na ƙara. Da hannun nan na ƙara.
Ni na ba jirgi ƙarfin wucewa.

Dare shida ana ɗauka ɗai ɗai
kamar shaho da ƴan tsaki.
Ashirin da uku suka ga tudu.

Da yaƙi ya ƙare ya dawo da akwatin kwano,
bai sami ƙofar gidansu ba.
Gulbi ya cinye tsohon gari,
mutane sun hau tudu suna sabon gini.
Ya zauna kan akwatin ya yi dariya har hawaye:
abin da na gudo wa ya riga ni zuwa.

Kaka Cima ta share tabarma,
ta zuba kwasfa a murhu, ta ce dare ya yi.
Ni na ga ya tsame guda ya sa aljihu.

Ran da ya rasu muka buɗe akwatin:
takarda mai hatimi da ba mai iya karantawa,
wuƙar goro, da sule uku ƙulle a tsumma.
Yau ina ƙetare gada bisa kabu-kabu,
kuɗin na aljihuna, sun daina sayen komai.
Duk ɗan Tasawa da na gamu da shi
sai na dubi haƙoransa,
in rasa ta inda zan fara tambayawa.