Shafi na Goma Sha Ɗaya

A Aberystwyth, bayan shagon mai gyaran keke,
akwai ɗaki mai warin tawada da danshin teku.
Nan muke haifar mujalla sau shida a shekara,
cikin harshen Wales, wanda har yau
ban iya komai a cikinsa ba sai gaisuwa da ƙirga.

Ƙirgar kuwa ita aka ɗauke ni yi.
Ni ne Mamuda mai shafi na goma sha ɗaya,
inda farashin hannun jari ke jere
kamar takalma a ƙofar masallaci:
wannan ya ɗaga da kwabo uku, wancan ya zame.
Lamba ba ta da yare, ba ta neman tafinta.

Masu karanta mu ɗari huɗu da goma ne.
Ɗaya ya rasu da kaka, mun ɗauko biro za mu soke shi,
sai ga wasiƙar matarsa:
ku ci gaba da aikowa, ni ba na karantawa,
ƙarar faɗowarta ta ramin ƙofa nake son ji.

Eirlys, editarmu, saba'in da biyu,
shayinta kan huce tana farautar waƙafi.
Ta ce, na ga shekarar da kowa ya ruga kamfanonin intanet,
na ga ta gidaje, na ga ta kuɗin da hannu ba ya taɓawa,
yanzu kuma injin mai tunani ake bi a guje.
Na ce, mu a can cewa muke
kallon kitse ake wa rogo.
Ta sa na maimaita sau uku, ta rubuta a bayan ambulan.
Ya fito a bugun Maris da harshenta,
sai dai rogon ya koma dankali.

Jikanta Gethin a waya yake cin tasa kasuwar,
cikin bas, da babban yatsa, yana tauna cingam.
Ya ce, kafin tawadarku ta bushe
farashin ya sake riga sau dubu.
Gaskiya ya faɗa. Ba wanda ya tanka.

Amma duk bugu sai Idwal ya kira daga Tregaron,
makiyayi, shekara talatin yana riƙe da jari guda.
In sayar? Mu ce ba mu ba da shawara.
Ya ce madalla, sannan ya shiga labarin tumaki
har wayar ta yi zafi a kunne.

Ni ma fa ban tsira ba.
Fam ɗari takwas, kuɗin jirgin zuwa gida,
na zuba a kamfanin batir da ake ta yabo.
Ya narke, saura ɗari biyu da sittin,
kuma da yatsuna na buga faɗuwar
a layi na tara, ban yi kuskuren ko ɗigo ba.

Inna ta kira daga Gumel, yaushe za ka zo?
Na ce kasuwa ce ta juya, Inna.
Ita da ta shekara arba'in tana sayar da man gyaɗa
ta ce, wace irin kasuwa ce babu rumfa,
ba ka ganin idon mai saye, ba ka cewa albarka?
Ta yi shiru, sannan ta ce,
wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa.
Ka ci abinci dai?

Yau Alhamis, ranar cusa ambulan.
Mai maɗaba'a ya ƙara kuɗin takarda,
Eirlys ta lissafa a tafin hannu: shekara biyu, in an yi sa'a.
Ruwa na dukan taga a karkace.
Na ɗora buhunan a keken aro,
na rufe su da rigar ruwana,
na gangara gidan waya a jiƙe,
ɗari huɗu da goma, har da na mamacin.