Gaɓar Sarƙa

Mu goma sha tara muka bar Zuru da assalatu,
kowa da gidansa ɗaure a ƙarfen keke:
gora biyu, faci, famfo, filaya,
ƙuli-ƙuli a leda, garin kwaki da sukari,
da tabarmar roba mai zama ɗaki in dare ya yi.
Doka ɗaya aka karanta mana a bakin kasuwa:
abin da ka ɗauko shi ne naka,
hannun da ba naka ba kuwa, haram ne har Yawuri.

Na yi dariya.
Shekara ashirin ina facin tayoyin mutane a gindin ɗorawa,
wa zai koya mini keke?

Duwatsun Dabai suka fara karɓar haraji.
Hawan farko cinya ta yi ƙorafi,
a na biyu na sauka, na saɓa keken a kafaɗa
kamar mai kai ɗan akuya kasuwa.
Bayan Riba hanya ta tsuke,
ta koma sawun shanu, daga nan ta koma zato.
Ciyawar ƙarshen damina ta shanye tsawona,
tsando na bina kamar na ci bashinsa,
gwaggon biri a kan fa ya dube ni, ya ci gaba da susa.

Dare na biyu, a wani rafi da taswira ta manta,
na danna feda, ƙafa ta tafi wayam.
Sarƙa ta zube a laka
kamar macijin da wani ya riga ni kashewa.
Na zazzage jaka. Ga faci. Ga famfo.
Gaɓar ajiya kuwa tana can Zuru,
kan benci, kusa da kofin shayin da ban ƙarasa ba.

Ina tsugune da tocila a baki
sai ga haske yana tsalle cikin marke.
Nomau ne, ɗan Mahuta,
wanda tun Wasagu nake jin numfashinsa a ƙeyata.
Ya tsaya. Ya kurɓi ruwa.
Ya ce hadarin gabas ɗin nan ba zai zubo ba.
Bai dubi sarƙar ba, ni ma ban dube shi ba.
Da zai hau, wani abu ya faɗi kan dutse,
ɗan ƙara kaɗan, irin na kwabo.
Haskensa ya haye rafi, kwaɗi suka mayar da bakinsu.

Na daɗe ina kallonta.
Sabuwa fil, da sauran maiko a jikinta.
Babu alƙali a dajin nan sai mujiya,
ita ma ta juya mini ƙeya.

Na ɗauka, na jefa aljihu.
Da ƙusa da dutsen rafi na fitar da gaɓar da ta mutu,
na haɗa baki da baki, sarƙa ta gajarta,
giya uku suka tafi da ita.
Daga nan har Dirin Daji
kowane tudu da ƙafa na gaishe shi.

Na goma sha ɗaya na shiga Yawuri,
masunta na naɗe koma, rana ta yi ja a kan ruwa.
Nomau na zaune yana cire ƙayar kifi.
Na ajiye ta gefen kwanonsa.
Na ce, wannan ta faɗi a hanya.
Ya jujjuya ta da yatsa mai mai,
ya ce tasa na nan cif,
in tambayi wani.

Ban tambayi kowa ba.
Tana rataye a ƙusa a rumfata, sama da kwalbar gam,
ta fara tsatsa ta gefe ɗaya.
Yaran da ke kawo faci sukan tambaya ta wane keke ce,
ni kuwa in ce su riƙe mini tayar da kyau.