Mai Lanƙwasa Katako

Sana'ata lanƙwasa katako.
A bakin ruwan Dalcahue nake haɗa jirage,
in turara itace har ya yi laushi,
in tanƙwara shi ya zama haƙarƙarin kwalekwale.
Shekara ashirin da bakwai, itace bai taɓa yi mini gardama ba.
Sai bayan Rayén.

An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.
Ba wanda ya gaya mini yadda ake miƙar da ɗanyen
da ya tanƙwara kansa.

A Puerto Montt, Likita Oyarzo ta ɗaga hoton ƙashi ga fitila.
Bara digiri arba'in da takwas, bana sittin da uku.
Na ga ƙashin bayan 'yata ya karkata
kamar hanyar da ke kauce wa dutse,
haƙarƙarin dama ya sauko yana neman ƙugu,
huhu a tsakani, a takure.
Naman jikinta bai iya riƙe ginshiƙin ba, in ji ta,
tun ranar haihuwa igiyoyin suka saki.

Sai ta miƙo takarda mai fuskoki shida,
daga mai murmushi zuwa mai hawaye:
wacce ce ciwonta?
Rayén ba ta nuni da yatsa.
Kalmominta huɗu ne duk duniya, babu ciwo a cikinsu.
Amma ni na sani.
In ta cusa babban yatsan hagu cikin tafi,
in ta daina ɗan gurnanin nan da take yi wa ruwan sama,
in gumi ya tsatsafo a karan hanci alhali ana sanyi,
to ya zo.

Herminia ke juya ta ƙarfe sha biyu, ni ƙarfe uku.
Matashi a gwiwa, matashi a ƙugu.
Rigar robar da aka auna mata a watan Mayu
ta ci fatar hammata, ta bar jan tabo kamar kwabo.
Mun rataye ta a ƙusa, kusa da ragar kifi.

Tambaya ta ƙarshe a takardar:
yaya ingancin rayuwarta, daga ɗaya zuwa biyar?
Na riƙe biro har likita ta dubi agogo.
Talata ta zauna minti arba'in ba kuka
tana kallon agwagin ruwa masu baƙin wuya.
Laraba ta amayar da romon kifi don zama ya gagara.
Alhamis ƙanenta Amaro ya faɗa cikin taɓo,
ta yi dariya har sarƙewa.
Wace lamba ke ɗaukar wannan makon?
Na rubuta uku. Na ji kamar na ci amanarta.

Sun ce akwai tiyata:
sanduna biyu na ƙarfe, ƙusoshi a jere, awa takwas.
Wataƙila zama ya yi sauƙi. Wataƙila huhu ya ƙi.
Sunanta na cikin layi, mu kuma muna cikin wataƙila.

Da muka haye mashigin Chacao muka dawo gida,
na ɗauko ragowar katakon jirgin Barría.
Na kwantar da ita kan buhun yashi mai laima,
na ɗauki siffar bayanta yadda yake,
da tudunsa, da kwarinsa.
Kwana tara ina fafe kujera.
Karon farko ban nemi itace ya bi ra'ayina ba.

Jiya na zaunar da ita a ƙofar rumfa.
Ruwa na sauka kan kwano.
Ban ce ciwon ya tafi ba,
bai tafi ba.
Amma yatsan nan ya fito daga tafi a hankali,
ya kwanta kan katako,
sai gurnanin ya dawo.
Na ajiye guduma, kada in katse ta.