Rufin Fuskoki

Mijina Otar ya sayo su da arha,
shekarar da aka rushe shagon hoto na bakin gadar Rioni.
Akwati goma sha ɗaya a bayan motar maƙwabci,
gilasai masu faɗin tafin hannu biyu,
kowanne da mutum a ciki.
Ya ce, "Gilashi gilashi ne, Tsiala,
tumatir ba ya tambayar wa ke bisa kansa."

Haka muka rufa ɗakin shukarmu da mutanen Kutaisi:
soja da takobin aro,
limamin coci, 'yan mata uku a kujera ɗaya,
wani mai fama da kare ya ƙi tsayawa.
Dodon hoto ne duka, komai a juye,
fari ya koma baƙi, baƙi ya koma fari,
idanu kamar garwashin da toka ta rufe.

Rana ba ta da kunya.
Ta fara da soja, ta lashe masa gashin baki,
ta ci 'yan matan ɗaya bayan ɗaya,
ta bar kujerar zuwa baɗi.
Duk fuskar da ta tafi, haske ya ƙaru,
na'a-na'a ta yi kauri, kokwamba ta yi tsawo.
Mun sayar a kasuwa, mun biya wa yara makaranta.
Ban taɓa cewa kowa ya yi haƙuri ba.

Sai guda ɗaya, can kusurwar arewa,
inda ɓaure ya miƙo hannu ya tare rana.
Wani tsoho ne, kansa fari fat,
ya riƙe abu a ƙirji, ban san ko mene ne ba.
Da Otar ya rasu, shi nake gaisarwa da safe.
Na gaya masa kuɗin taki,
na gaya masa ciwon gwiwa,
da ɗana da ya tafi Atina bai ƙara kira ba.
Babba ne, na ce, ya ga jiya,
ba abin da zai ba shi mamaki.

Ran Talata sai ga Nestan daga gidan tarihi,
da farar safar hannu, da yaro mai riƙe tsani.
Ta ɗaga kai, ta daɗe ba ta ce komai ba.
Ta ce shekara ashirin suna neman aikin mutumin nan,
sun tona rumbuna, sun rubuta wasiƙu har Tbilisi,
ashe yana nan yana gadin albasa.
Ɗari huɗu da shida ta ƙirga.
Tara ne kawai suka rage da sauran numfashi.

Ba ta yi mini faɗa ba. Da ma ta yi.
Ta zare ƙusoshi kamar mai cire ƙaya a ƙafar jariri,
ta naɗe tsohona cikin auduga.

Bayan wata guda ta dawo da takarda.
Sun wanke shi, sun mayar da dare dare, rana rana.
Na sa tabarau.

Yaro ne.
Bai fi shekara bakwai ba,
gashinsa baƙi wuluk, kunnuwa kamar marfin tukunya,
ya rungume agwagwa, yana danne dariya.
A gefe an karce da allura: Domenti, 1911.

Shekara goma sha tara
ina sauke kayana a kan ƙaramin yaro,
shi kuwa bai saki agwagwarsa ba.

Sun ce za a rataye shi a babban zaure,
an buga a jarida, har da sunana, an ɓata harafi ɗaya.
Sun sa mini sabon gilashi a gurbinsa,
garau, babu kowa a ciki.
Ta nan nake ganin ɓaure yanzu, da gajimare.

Jiya na shiga da bokitin ruwa,
bakina ya riga ni:
"Ina kwana, Baba."
Sai na gyara murya, na ce,
"Domenti, ka ci abinci kuwa?"