Rigar da Ta San Kafaɗata

Watan Agusta, Jos ta jiƙe tun asuba,
gajimare ya sauko ya kwanta kan duwatsun Shere,
ni kuwa ina Taminus, gindin tsohuwar kasuwa,
ina jiran Ɗanliti ya yanke igiyar dila.

Ya yanke. Gwanjo ya zube kamar an fasa rumbu.
Hannuwa ashirin, kowa na tono.
Na cafko wata ruwan toka mai maɓalli shida,
na kara a ƙirji, sai ga ta har gwiwa.
"Ai yayi ke nan, Malama," in ji shi.
Wane yayi? Hannun ya wuce yatsuna da taƙi guda,
ɗinkin kafaɗa ya gangaro yana gaida gwiwar hannu.
Wadda aka saƙa wa wannan, ko a ina take,
tana tsinkar mangwaro ba ta ɗaga dunduniya.
Na biya duk da haka. Sanyi ba ya jiran ciniki.

Shekarata talatin da takwas.
Lissafi nake koyarwa, aji biyar, a Gangare.
Amma mai kanti ya dube ni sama da ƙasa,
tafiyar ba nisa, bai daɗe ba,
ya ce, "Ki leƙa wajen na yara."
Na leƙa.
Akwai wadda ta zauna mini ɗas a kafaɗa,
sai dai ga zomo a gaba yana cin karas,
ƙirjin kuma ya matse, numfashi sai da izini.
Gajere ba yaro ba ne, malam,
bayan nan ya goyi uku.

Bara na sayi wata ja, laushi kamar cikin mage.
Wanki ɗaya ta feso da ƙuraje,
wanki biyu wuyan ya saki baki,
na uku ta zama tsumman goge allo.
Zaren roba ne: ka tuɓe ta da dare tana tartsatsi,
ga zufa a hammata, ga sanyi a ƙashi.
An ce araha ba ta ado,
to wannan dubu tara na ƙirga.

Sai Ngo Kachollom, mai dankali a Farin Gada,
wadda allurar saƙa ba ta barin hannunta ko tana awo,
ta ce in kawo ruwan tokar nan ta gani.
Ta murza, ta shinshina,
ta tsinko zare ɗaya ta kai bakin ashana.
Bai narke ba, ya yi ƙaurin gashi.
"Ulu ne na gaske," ta ce.
"Ba ta da laifi. Ba taki ba ce kawai."

Ta lalubo bakin zaren, ta ja.
Na tsaya ina kallon rigar wata doguwa
tana warwarewa layi bayan layi,
tana komawa dunƙule kamar curin fura.
Ba ta da tef. Da taƙi ta auna ni,
hannunta na warin ƙasa da albasa:
kafaɗa kaza, ƙugu kaza,
daga wuya zuwa inda zani ke ɗauri.
Ba ta rubuta ba. Ta ce yatsa ba ya mantuwa.

Mako uku, tsakanin buhu da buhu.

Yanzu hannun yana tsayawa inda agogo yake,
gindin yana tsayawa inda na tsaya.
Maɓalli huɗu suka isa, biyu suna cikin gwangwani.
Ragowar zaren ya yi wa Baffa hular sanyi,
ya yi wa auta safa, har da saura.

Jiya na cika allo da rabawa mai tsawo
ban naɗe hannun riga ko sau ɗaya ba.
Alli ya tsaya a yatsu kaɗai.
Wata 'yar ƙarama a layin gaba, Tasalla,
mai naɗi uku a kowane hannu,
ta yi ta kallona, ba allon ba.